Saƙon Godiya Bayan Kare Kundin Digirina Na Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nufe ni da kare kundin digirina na uku a makon jiya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, malaman da suka jarraba ni kuma suka amince da aikin bisa sharaɗin 'yan gyare-gyare. Saƙonnin taya murna sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, kuma da yake da yawanku sun tambaye ni a kan me aka yi binciken, zan haɗa godiyar da bayani, domin ba za a gane girman alherin da aka yi mini ba sai an san irin aikin.

Shukar da na yi nazari a kanta ita ce kanola, wadda masana ke kira Brassica napus, mai fure ruwan ɗorawa da ƙananan 'ya'ya baƙaƙe waɗanda kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsu mai ne. An fi noma ta a Kanada da Sin da ƙasashen Turai. Asalinta barbara ce tsakanin shuke-shuke biyu kimanin shekara 7,500 da suka wuce: Brassica rapa mai kuromosom (wato zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 20, da Brassica oleracea, wato dangin kabeji, mai kuromosom 18. Kanola ta gaji dukkansu ta zama mai 38, saboda haka yawancin ƙwayoyin gadonta suna da kwafi daga kowane ɓangare. A shekarar 2014 aka wallafa cikakken jerin ƙwayoyin gadon nata, sama da 100,000, kuma a cikin wannan taska na yi ta tono.

Abin da nake nema shi ne ƙwayoyin gadon da ke samar da wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jikin mai rai, wanda ake kira PDI. Duk furotin da ƙwayar halitta ta ƙera yana fitowa ne a matsayin dogon zare, kuma ba ya aiki sai ya naɗu daidai, kamar yadda yadi ba ya zama rawani sai gwani ya naɗa shi. Christian Anfinsen, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1972, ya nuna cewa tsarin zaren ne da kansa ke ƙayyade yadda zai naɗu, sai dai abin da ke ɗaukar sa'o'i a kwalbar gwaji yana kammala cikin mintuna kaɗan a jikin mai rai. Neman dalilin wannan sauri ne ya kai ga gano PDI a 1963. Aikinsa shi ne ƙulla sinadarin farar wuta biyu a tsakanin sassan zaren, idan kuma ƙullin ya faɗa inda bai dace ba, ya kwance shi ya sake ƙullawa. A cikin ƙwayar kanola wannan aiki babba ne, domin nafin, ɗaya daga cikin manyan furotin biyu da take tarawa, yana da irin wannan ƙulli har 4. Idan zafi ko gishiri ya matsa wa shuka, furotin da ba su naɗu ba sukan taru, sai ta ƙara samar da masu gyara irin su PDI. A cikin samfurana na ga cewa kwafin ƙwayoyin gadon PDI da aka gada daga ɓangarorin biyu ba sa tashi aiki daidai wa daida, wani yakan yi ƙwazo lokacin zafi yayin da ɗan'uwansa yake kusan shiru, kuma wannan ne ya fi ɗaukar hankalina a duk aikin.

Godiyata ta farko bayan ta Allah ga babban malamina take. Lokacin da ake tambayata me zai kai 'yar Zariya ga shukar da ba a noma ta a nan, shi ne ya tsaya mini, ya tuna mana cewa gyaɗa ma barbara ce mai gado biyu da kuromosom 40, kuma hanyar da aka ƙware a kanta a shukar da aka riga aka yi wa cikakken nazari ita za a ɗauko a yi wa gyaɗa da wake aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Ni ma a kan haka nake, domin zafin Maris da Afrilu namu ne, kuma duk wanda ya san yadda shuka ke kare furotin ɗinta daga zafi ya san abin da manominmu ke buƙata. Malam, Allah ya saka da mafificin alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Akwai wani dattijo mai kula da ɗakin shuka na raga, wanda duk muke kira Baba, da ba zan iya biyan shi ba. Kanola shukar sanyi ce, don haka sai da hunturu kawai muke iya shuka ta, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Baba yakan riga kowa zuwa, cikin hazo da jaura, ya tsoma yatsa a ƙasar kowace tukunya kafin ya zuba ruwa, ya juya ganye ɗaya bayan ɗaya yana murtsuke ƙananan kwarin da ke tsotse su, domin na roƙe shi kada a fesa magani ya gurɓata sakamakon. Bai taɓa tambayar me ake nufi da PDI ba, amma ba don shi ba da babu ganyen da zan auna.

Haka kuma ma'aikatan ɗakin gwaji. Sinadarin RNA, wanda da shi ake gane wace ƙwayar gado ce ke aiki, ba ya jure ɗumi ko kaɗan, dole a tsoma ganye cikin ruwan naitirojin da zarar an tsinke shi, a niƙa a turmi mai sanyi, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. An taɓa ɗauke wuta na tsawon lokaci, janareto kuma ya lalace, samfuran kaka guda suka narke, ya zama sai na jira wani hunturun. Da abin ya so maimaituwa a shekara ta gaba, waɗannan bayin Allah ne suka fito da tsakar dare suka kwashe kwalabena cikin kula mai ƙanƙara zuwa wani ɗakin gwaji mai wutar sola, ba tare da na roƙe su ba. Allah ya duba bayanku.

Ga Inna da Baba mahaifana, waɗanda addu'arsu ba ta yanke ba, da maigidana da ya riƙe gida da yara a watannin da nake dawowa bayan isha'i, da ƙanwata da ta bar nata uzurin ta zo ta zauna da mu, bakina ya yi kaɗan. Ina kuma gode wa abokan karatuna da suka koya mini sarrafa manhajojin tantance ƙwayoyin gado, da malamin da ya zo daga wata jami'a ya jarraba ni, wanda tambayoyinsa suka ƙara wa aikin inganci.

Da zarar na kammala gyare-gyaren za a ajiye kundin a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, kuma duk ɗalibin da ke son gwada wannan hanya a kan gyaɗa ko wake ya neme ni a sashenmu, zan zauna da shi in nuna masa iya abin da na koya. Allah ya saka wa kowa da alheri, amin.