Motar da Muke Tuƙawa da Waya a Shagon Gyara

Sana'ata gyaran waya ce da caji, sai ɗan haɗa sola ga masu shaguna a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari. Ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci, ko zama ba ma samu. Sauran ranaku kuwa akan yi dogon shiru ba wanda ya leƙo, kuma a wannan sararin ne ni da yaran shago muke haɗa 'yar motar da ake sarrafawa da wayar hannu.

Mahaifin wani yaro ya taɓa tare ni ya ce, "Malam, gyaran waya na kawo shi ya koya, ba wasa ba." Na ce, "Baba, ka ƙara mana haƙuri." Dalilina shi ne, fanel ɗin wayar zamani komai nasa ƙanana ne, yaro ba ya ganin ta inda wuta ta shiga da inda ta tsaya. Sai ya tashi bai iya komai ba illa canza gilashi da bakin caji. A jikin motar nan kuwa komai a fili yake, ana bin sa da ido da mitar auna wuta.

Ƙwaƙwalwarta Arduino Uno ce, wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, ɗaya daga cikin allunan Arduino da aka faro a Italiya a 2005 domin ɗalibai. Muna haɗa shi da HC-05, mai karɓar saƙon Bluetooth daga nisan kamar mita 10. Idan ka danna maɓalli a manhaja, harafi ɗaya tak wayar ke aikawa: F a yi gaba, B a yi baya, S a tsaya. Arduino ba ya da ƙarfin juya inji da kansa, shi ya sa wani allon mai suna L298N ke shiga tsakani, ya ɗebo wuta daga batir ya ba ƙananan injina rawaya masu giya da ke juya tayoyin. Babu sitiyari, in ana son kwana, tayoyin gefe ɗaya su yi gaba, na ɗaya gefen su tsaya ko su yi baya. Gangar jiki kam ba na koya wa kowa. Yaran da suka tashi suna ƙera motar kara da ta gwangwani sun fi ni ido a nan.

Inda na fi tsananta musu shi ne batir. Muna ciro ƙwayoyin batir da ake kira 18650 daga tsofaffin batiran laftof, kowane ɗaya bolt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2. Biyu a jere sukan ba da 7.4, kuma ana bukatar hakan domin L298N kaɗai yana cinye kusan bolt 2 kafin wuta ta isa inji. Batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 yaudara ne a wannan aiki, lambarsa babba amma da injina sun ja sai ya durƙushe. Kowane batir sai an auna shi. Wanda ya yi tsatsa, ko ya lotse, ko yake zafi a wurin caji, ba ya komawa aiki ko da yaro ya yi rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Da ɗan allon caji mai suna TP4056 muke cajinsu, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a barin su a rana, balle a zafin bazarar nan tamu. Wannan ilimin shi ne dai wanda za su yi aiki da shi gobe a fitilun sola da kayan ajiyar caji da mutane ke kawowa kullum.

In mota ta ƙi tashi, ba na sa hannu. Yaro ya ɗauki mita ya faro daga batir. Sau da yawa baƙar wayar nagatib ce ba a haɗa tsakanin Arduino da L298N ba, ko wajen haɗa HC-05 da Arduino an sa TX (wayar aika saƙo) a kan TX maimakon RX (ta karɓa), ko an manta a cire su lokacin loda umarni. Wani kuma ya zo da iPhone ɗin yayansa yana ta fama, alhali HC-05 da Android yake jituwa.

Kayan daga Kano suke zuwa, wasu daga Sabon Gari, wasu sai an yi oda ta intanet a ba direba ya taho da su, farashinsu kuma dala yake bi. Yanzu mun fara komawa allon ESP32 a madadin Arduino da HC-05 tunda da Bluetooth da Wi-Fi duk a jikinsa suke. Rairayi yana riƙe tayoyin, ƙurar hunturu tana cika giya, don haka a kan simintin baranda muke gwaji.

Motar ba ta kawo kuɗin a-zo-a-gani. Wani lokaci malaman sakandare kan nemi guda domin ɗalibansu, sharaɗina kuwa ɗaliban su zo su zauna a haɗa da su. Abin da ke gabanmu yanzu famfon sola ne na wani mai lambu da yake son kunnawa daga gida. Mita 10 ta Bluetooth ba za ta kai ba, don haka mun yi odar SIM800L, wanda ake sa wa layin waya ya karɓi umarni ta saƙon tes.