Layin da ya bar ma'aji a rataye

Ranar Asabar na miƙa makullin shagonmu na zane da ɗab'i, bayan shekara huɗu a gaban kwamfutar nan ta lungu mai kuka kamar injin markaɗe. Yaran da za su gaji kujerata sun ce in rubuta musu abin da na koya. To ga shi, sai dai yawancinsa labarin aiki ɗaya ne.

Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ce ta kawo jadawalin shugabanninta, a buga a fileks mai ƙafa takwas don ranar rantsarwa. Akwati goma sha bakwai, kowanne da hoto da suna, da layukan da ke nuna wa ke ƙarƙashin wa. A manhajojin zane, kowa a shagon CorelDRAW yake taɓawa, ni kaɗai nake rawar kai da Inkscape, don kyauta ce, ba ruwana da rigimar lasisi. A ciki na zana, na ɗaure akwatunan da kanekta, wato layin haɗa akwati da akwati. Daɗin kanekta shi ne yana da rai: duk inda ka ja akwati sai layin ya bi shi, kamar akuya da igiyarta.

Ashe wannan rai nasa iyakarsa cikin Inkscape. Ita ce ke rubutawa a fayil ɗin SVG, wato irin fayil ɗin da take adana zane a ciki, cewa layi kaza daga wannan akwati ya taso, a wancan ya sauka, kuma ita kaɗai ke karanta wannan rubutu. Wata manhajar in ta buɗe, sandararren layi kawai take gani.

Na tashi bayan magariba. Da daddare sakataren ƙungiyar ya dawo, wai an manta da mai binciken kuɗi. Oga ya buɗe aikin a Corel, ya tura jere na biyu dama don a samu gurbi, layukan suka tsaya cak inda na bar su, ya aika wa inji. Da safe aka warware fileks a ƙasa, muka tsaya a kansa. Mataimakin ma'aji ya koma ƙarƙashin jami'in walwala. Shi kuwa Alhaji ma'aji, da yake shi ne na ƙarshen jere, yana can gefe shi kaɗai, babu layin da ya haɗa shi da kowa. Mutumin da sai da aka kai ruwa rana kafin ya ci zaɓe. Wa zai gamsar da shi cewa ba da gangan ba ne?

A gaban 'yan ƙungiyar Oga ya juyo kaina. "Kai, wane irin shirme ka yi mini?" Na ce, "Oga, wallahi ba haka na bar shi ba." Ya ce in rufe masa baki. Wata biyu ana yankar kuɗin fileks a albashina.

Ina da nawa laifin, ba na musu. Na san ba kowa ke aiki da manhajata ba, amma ban faɗa ba, ban bar ko 'yar takarda a kan tebur ba, ban ma haɗe kowane akwati da layinsa su zama rukuni ɗaya ba. Sai dai wanda ya matsar da akwatuna yana da ido, kuma injin nan a hankali yake fito da aiki, ana kallo.

Sauran darussan ba su da tsawo. Kafin fayil ya bar hannunku, ku mai da rubutu zane, Ctrl+Q a Corel, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su iya fitowa a matsayin akwatuna a kwamfutar da ba ta da irin haruffanku. Aikin sitika kuwa, ku rufe kowane layi, wato ƙarshensa ya haɗu da farkonsa, sannan ku duba shi tsirara ba launi, don layi biyu a kan juna sau biyu wuƙar injin yanka za ta bi shi. Ku rage ɗigo, wato wuraren da ake kamawa a lanƙwasa layi, a kan lanƙwasa. Hannayen nan biyu da ke fitowa daga ɗigo, waɗanda ake ja a daidaita lanƙwasa, da irin lissafinsu injiniyan Faransa Pierre Bézier ya zana jikin motocin Renault a shekarun 1960, don haka harafin S bai fi ƙarfinsu ba.

Fileks ɗin yana nan bayan shago, da shi ake rufe janareta in damina ta faɗi. Hoton Alhaji ma'aji ne daidai kan tankin mai.