Tallan shagga a Haraj da Aqar, abin da aikin ya koya min a Jidda

Duk wanda ya zauna a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 ya san yadda neman gidan haya ya koma. Da aka fara rusau a Gulel da Petromin, aka bi da su Karantina, Sabil, Hindawiyya da Kandara, unguwannin da iyayenmu da kakanninmu suka yi shekara da shekaru a ciki, sai mutanenmu suka watsu neman shagga, wato sashen haya a cikin gidan bene, a Safa, Bawadi, Sanabil, wasu har Hamdaniyya can arewa, kuɗin haya kuma ya yi sama. A wannan rububin na shiga maktab ɗin kawuna, wato ofishinsa na dillancin gidajen haya. Shi ke da lasisi, shi ke zama da masu gidaje, ni kuma nawa in ɗau hoto in rubuta talla in ɗora a Haraj da Aqar, manhajojin talla na intanet, sannan in ta amsa waya.

Abu na farko da na gane shi ne yawan kira ba ya nufin an kusa ciniki. Ka rubuta "shagga mai kyau a Safa, farashi mai sauƙi" wallahi wayarka ba za ta huta ba har dare, amma duk tambaya ɗaya ake maka, nawa ne, ɗaki nawa, hawa na nawa, ƙarshe ka wuni kana surutu ba wanda ya sa hannu. Tallan da ke aiki shi ne wanda ya sallami mutum tun kafin ya kira, ya karanta ya ga gidan nan ba nasa ba ne ya wuce abinsa. Don haka nake zuba komai a fili: kuɗin shekara nawa, biya ɗaya ne ko biyu ko wata-wata, na masu iyali ne ko na gwauraye, mitar wuta ta shaggar ce ita kaɗai ko ta haɗaka, mukayyif, wato AC, a kafe yake ko mai haya zai zo da nasa, kicin da kabad ko fili ne kawai, ruwa na layin gwamnati ne ko sai an kira wayit, wato tankar ruwa, an raba kuɗin. Har da sa'ayin maktab, wato la'adarmu, kashi 2.5 cikin ɗari na hayar shekarar farko, ina rubutawa don kar a zo wajen sa hannu a fara kallon-kallo.

Maganar lifta kuwa ba na wasa da ita ko kaɗan. Akwai wata Hajiya, sa'ar kakata ce, ta taso tun daga Makka ita da jikanta a motar haya saboda wani talla da wani ofis ya sa, ɗaki huɗu da majalisi, hotuna tas. Sai da suka isa suka tarar hawa na uku ne kuma ba lifta, ita ga ciwon gwiwa. Ta shigo maktab ɗinmu neman ruwa da wurin zama, tana riƙe da ƙarfen ƙofa tana haki, ta ce da ni "ɗan nan, da sun rubuta ai da ban taso ba." Kalma biyu kawai, ba lifta, da sun ajiye mata kuɗin mota da wahalar yini guda. Wasu masu gidan ba sa son a ambaci aibin gidansu, su ce kana kore musu kwastoma. Kawu ne ke lallaɓa su, ya ce Alhaji wanda ya shiga da saninsa shi ke sabunta kwantiragi, wanda ya ji an rufe shi ko shekara ba zai cika ba.

Haraj da Aqar kuma ba hali ɗaya ba. Haraj kamar kasuwar ƙauye take ranar cinta, mota, tumaki, firij, gida duk wuri ɗaya, tallanka na nutsewa ƙasa cikin awanni sai ka riƙa sabunta shi, kuma mutanen can ba sa gaisawa sai "nawa ƙarshe". A Aqar mutum na duba taswira, ya zaɓi unguwa da adadin ɗaki, kafin ya kira ya riga ya san nisan gidan da makarantar yaransa, shi ya sa nake tabbatar da alamar taswira na kan ginin daidai.

Hoto ina ɗauka bayan la'asar, tagogi a buɗe, kuma da banɗaki da kicin nake farawa don su mata ke fara dubawa, su ne kuma ke yanke hukunci a yawancin gidajenmu. Kyamarar nan mai faɗaɗa ɗaki ba na amfani da ita. Na fi son bidiyo guda, daga bakin titi in hau matakala in buɗe ƙofa in zaga, ba yankewa, har ƙarar titi a ji.

Sai 'yan damfara, Allah ya shirye su. Su kwashe hotunan shaggar gaske su sake ɗorawa da farashi mai rahusa, su ce mutane sun yi yawa ka turo arabun, wato kafin alƙalami, a riƙe maka, kana turawa lamba ta mutu. Mutanenmu da rusau ya taso, ga yara ga kaya a gidan 'yan uwa, su suka fi faɗawa, kuma abin na min ciwo har yau. Tun 2023 da dokar dillancin gidaje ta fara aiki, dillali sai da lasisin Fal, tallan gida ma sai da lambar izini daga hukumar kula da harkar gidaje, to ina sa lambar a layin farko na tallanmu in kuma ce wa duk wanda ya kira ya bincika ta. Kar ka ba kowa ko riyal ɗaya kafin ka taka cikin gidan da ƙafarka, kwantiragi kuma a Ejar, manhajar gwamnati ta rajistar haya, wanda daga Janairun 2024 kuɗin hayar sababbin kwantiragin gidajen zama ma ta can ake biya.

Wani abin da ba a rubuce yake a ko'ina ba, da yawan iyayenmu mata ba sa shiga waɗannan manhajoji, jikoki ne ke gani su tura musu a WhatsApp. Saboda haka duk tallan da na rubuta da Larabci sai na yi masa saƙon murya da Hausa, in faɗi unguwa, kuɗi, hawa, ruwa, masallaci mafi kusa. Sau da dama wannan muryar ce ke yawo gida-gida har ta kai ga wanda zai kama. In kuma gidan na Makka ne wajen Aziziyya, da wannan nake buɗe saƙon: ko mai gida zai buƙaci a tashi kafin Hajji don ya ba alhazai, ko kwantiragin na shekara cikakkiya ne.