Abin da katangar wani zaure ta koya mini

Ina shekara ta biyu da gama karatun zanen gine-gine aka damƙa mini gyaran wani tsohon zaure a cikin birnin Zariya. Ginin ƙasa ne mai ɗaurin guga, wato rufin da aka ɗora a kan bakuna masu gittawa da juna, kaurin katangarsa daga tushe ya kusa mita ɗaya. Bangon gabas ne ya ci wuya, domin ta nan hadari ke tasowa, ruwa kuma ya yi ta dukansa shekara da shekaru har tubalan suka bayyana.

Masu gidan sun ce a yi musu gyaran da ba za a sake waiwaya ba. Ni kuwa hankalina duk yana kan launi. Na sa aka kwaɓa siminti da yashi, aka zuba jar hoda, muka yi ta gwadawa har yaɓen ya saje da tsohon bango. Duk wanda ya wuce sai ya yaba.

Bayan damina biyu aka kira ni. Na je da wani dattijon magini wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Bai ce komai ba, ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa yaɓen, sai muka ji yana amsawa kamar ganga. Ya sa bakin cebur ya ɓamɓaro wani falle. Ƙasar da ke baya ta jiƙe, ta ruɓe, kana murzawa tana zuba, ga hanyoyin gara sun bi ta ciki. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka toshe mata numfashi."

Ginin ƙasa yana shan danshi daga tushe da damina, ya fitar da shi ta jikinsa idan rani ya shigo. Siminti ba ya barin danshin ya fita. Kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, don haka simintin ke tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita. Na karanta wannan a makaranta, amma sai da na riƙe ruɓaɓɓiyar ƙasar a tafin hannuna ya zauna mini.

Muka sake aikin daga farko, wannan karon shi ke gaba ina biye. Ƙasar ma sai da ya zaɓa. Ya ƙi ta tifar farko, ya ce yashi ya yi mata yawa, ya aika a ɗebo daga kududdufin unguwar, inda yake kyautata zaton daga nan aka gina zauren tun asali. Aka jiƙa ta, aka zuba ciyawa, aka tattake, aka bar ta kwanaki tana ruɓa kafin a mulmula tubali. Azarar da ta lalace muka maye gurbinta da azara, ta giginya, wadda gara ba ta cika samun galaba a kanta ba. Na kawo shawarar katako saboda sauƙin samu, ya ce, "Ba zai kai shekarun 'yan'uwansa ba." A ƙarshe aka shafe bangon da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Tana kore ruwan sama, amma tana barin bango ya bushe. Rufin kuma aka yi masa laso, yaɓen da ke hana ruwa shiga: katsi, wato abin da ke kwantawa a ramin rini, daga marina, gashin jima daga majema, da dafara, wani tsiro mai yaɗo.

Wuri ɗaya ne muka yi saɓani da masu gidan. Akwai zanen da ke saman ƙofa wanda rabinsa ya zube, babu kuma hoton yadda yake a da. Sun so a ƙirƙiro sauran. Na roƙe su a bar wajen sumul. Yarjejeniyar Banis ta 1964 kan adana tsofaffin gine-gine ta ce abin da aka ƙara ya dace da na asali, amma a iya bambance su, don kada a yi wa tarihi ƙarya. Dattijon bai taɓa jin labarinta ba, amma ya goya mini baya. Ya ce ba ya sa wa mamaci magana a baki.

Abin da har yanzu ke damuna shi ne waccan buƙata ta gyara sau ɗaya. Ginin ƙasa bai san wannan ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, tana tsaye ne domin ana sabunta yaɓenta, itatuwan da suka fito a jikinta kuma su ne matakalar masu aikin. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari ne ke fitowa kowace shekara su yaɓe masallacinsu da aka sake ginawa a 1907. Mu a nan maginan da suka san haɗin laso suna ƙarewa, yaransu sun koma bulo, kuma ba na ganin laifinsu, can ake samun abinci.

Bara na bi ta unguwar bayan an ɗauke ruwa. Na tsaya na ƙwanƙwasa bangon gabas, na ji shi a cike. Makubar ta fara sirancewa daga ƙasa, na shiga na gaya wa maigidan a sake shafawa kafin watan Mayu.