Kana Sammako, Wani a Tafe Ya Kwana

Gidan abincina ba ya buɗewa sai lokacin da sauran suke kife kujeru a kan tebura. Ƙarfe tara na dare muke kunna wuta, ba ma kashewa sai hantsi. Wurin ƙarami ne: kanta doguwa, 'yan tebura, kicin a baya. Masu wucewa suna ɗauka ciniki ɗaya muke yi, wato na dare. Alhali biyu ne, kuma ba su da wata alaƙa in ban da ƙofar da suke shigowa ta ita.

Na farko yana tashi daga goma zuwa wajen ɗaya. Waɗanda suka taso daga biki ko kallo, ma'aikatan ofis da aiki ya riƙe, ɗalibai lokacin jarrabawa, matafiyan da motar ƙarshe ta sauke. A ƙungiya suke zuwa, da hayaniya, su yi odar abin da ya fi cikinsu, su zauna hira har faranti ya bushe. Akwai kuɗi a wurinsu, ban musa ba. Sai dai ba a gina lissafi a kansu. Ruwa ya sauko, babu su. Wata ya yi nisa, babu su. Aka buɗe sabon wuri a wata unguwa, sun koma can sai ɗokin ya sake su.

Na biyun yana farawa kafin ƙarfe huɗu. Direbobin motar farko, masu sharar titi, 'yan dakon kasuwa, masu gadi da suka miƙa aiki, ma'aikatan jinya da suka kwana a tsaye. Kowa shi kaɗai yake shigowa, kuma abin da ya ci jiya shi zai ci yau. Akwai wani dattijo mai shara da ba ya ma yin oda. Yana jingine tsintsiyarsa a bakin ƙofa, yarinyar da ke kanta za ta ce, "Baba, an tashi lafiya? Kamar kullum?" Ya gyaɗa kai, ya cire safar hannu, ya rungume kofin da tafukansa biyu tukuna kafin ya kai baki. Minti goma ya fice. Abin da yake kashewa bai kai rabin na mutum ɗaya daga cikin 'yan biki ba, amma na san gobe zai zo, jibi ma zai zo. Kuɗin haya da albashi daga irinsu nake fitarwa. Na 'yan tsakar dare riba ce, in ta samu.

Tsakanin waɗannan biyun akwai rami, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. Wani daren mutum uku ne za su leƙo. Fitila na ci, gas na ci, firji na ci, ma'aikata kuma ana biyansu. Duk mai duba mini littafin ciniki sai ya nuna awannin nan da biro ya ce, "Maigida, a rufe mana a nan, a sake buɗewa da asuba." A takarda yana da gaskiya. Ni kuwa na ƙi, don abin da muke sayarwa da dare ba abinci ba ne kawai, har da tabbacin cewa za a same mu. Direban da ya karkato da motarsa ƙarfe uku ya tarar da ƙofa a rufe ba zai tambayi dalili ba. Zai nemi wani wuri, kuma da shi da abokan aikinsa can za su koma har na ƙarfe biyar ɗin. Ban da haka, a ramin nan ake aikin safe: a wanke tukwane, a goge ƙasa, a kwaɓa fulawa, a ɗora romo.

Wannan haɗuwar ta mai shirin kwanciya da mai fitowa ba sabon abu ba ce a manyan birane. A tsohuwar kasuwar Les Halles da ke tsakiyar Paris, 'yan dako da mahauta sukan zauna shan miyar albasa kafin gari ya waye, gefensu kuma masu kuɗi ne da suka taso daga shagalin dare. A 1969 aka mayar da kasuwar Rungis a bayan gari. Kasuwar kifi ta Billingsgate a Landan ƙarfe huɗu take buɗewa. A Tokyo, gwanjon kifin tuna da asuba ake yinsa, a da a kasuwar Tsukiji, tun 2018 kuma a ta Toyosu, kuma ƙananan gidajen abincin da ke kewaye da kasuwar don ma'aikatanta aka fara buɗe su kafin 'yan yawon buɗe ido su gano su. Duk inda ka ga gidan abincin dare ya daɗe, duba kusa da shi: akwai kasuwar sari, ko asibiti, ko tasha. Ni asibiti da tasha ne suka riƙe ni.

Abin da ya fi hana ni sakewa shi ne tukunyar da ta daɗe a kan kanta. Da rana abinci ba ya zama, ana sauke shi ana kwashewa. Da dare kuwa sai ya yi awanni yana jiran mai saye. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: dafaffen abinci ya zauna sama da digiri 60, ko a firji ƙasa da digiri 5, kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. Shinkafa ta fi komai yaudara. Tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta gama kashe ta, in ta huce ta zauna sai ta saki guba, kuma ɗumame ba ya karya gubar. Ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Shi ya sa akwai ma'aunin zafi rataye kusa da murhu, ana tsoma shi a tsakiyar tukunya, ba a gefe ba, a rubuta lokaci a allo. Kuma kaɗan-kaɗan muke dafawa, ko da hakan ya sa mai kicin tsaki. Zubar da rabin tukunya yana da ciwo, amma ma'aikaciyar jinya ɗaya ta yi ciwon ciki, kafin azahar duk asibitin ya ji.

Sai jikin ma'aikata. Ɗan Adam ba a yi shi don aikin ƙarfe huɗu ba. A daidai lokacin ne zafin jiki yake sauka ƙasa, ido ya yi nauyi, hannu ya rage sauri, kuma a daidai lokacin ne cinikinmu yake sake tashi. Tun 2007 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin da ke hargitsa agogon jiki cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar. Ba na ɓoye wa wanda zan ɗauka aiki wannan. Abin da ke hannuna shi nake yi: duk aikin wuƙa a gama shi kafin ƙarfe biyu, a ramin nan kowa ya samu rabin awa ya kishingiɗa bi da bi, kuma ba na juya mutum yau dare gobe rana. Kofi kuma ina hana su bayan ƙarfe huɗu, don sinadarinsa yakan yi awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, mutum ya koma gida ya kasa runtsawa. Ba sa jin wannan, sai na juya baya.

Hukumomin birane sun fara waiwayar dare. Amsterdam ta yi suna da muƙamin magajin garin dare, Landan ta naɗa jami'ar kula da harkokin dare a 2016, shekarar da jiragen ƙarƙashin ƙasarta suka fara kwana suna aiki ranakun Juma'a da Asabar. Abin a yaba ne, sai dai a ganina hankalinsu ya fi karkata ga masu shagali. Mai shara ba ranar Asabar kaɗai yake fitowa ba. New York jiragenta ba sa tsayawa dare da rana, Tokyo kuwa suna tsayawa bayan tsakar dare sai wajen ƙarfe biyar, shi ya sa wuraren da ke kwana a buɗe suke cika da masu jiran jirgin farko. Sufuri ne yake yanke wa irin sana'armu hukunci, ya fi ɗanɗanon girki tasiri.

A wurina matsalar ta fi bayyana a kan ma'aikatan da ke karɓar aiki ƙarfe uku, lokacin da babu motar haya ko ɗaya a hanya. Mun haɗa kuɗi da gidan burodin da ke bayanmu, waɗanda su ma a lokacin suke kunna tanda, mun ɗauki shatar mota ɗaya tana zagayawa tana kwaso mutanenmu. Yanzu muna magana da mai wankin motocin tasha ko zai shigo, don kujeru huɗu ne suke tafiya babu kowa.