Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Danjar da na ɗaure da roba

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a inda na karɓi babur a hannun Alhaji, maƙwabcinmu a Kurna, da sharaɗin in riƙa kai masa balas kullum da yamma. Jincheng ne ja, ya ga jiya ya ga yau, amma injinsa garau, bugu ɗaya yake tashi. Aibinsa guda, danjarsa tana rawa.

Tun ranar farko na lura. In na faɗa rami sai in ji ƙas-ƙas a bayana, kamar an saka tsakuwa a gwangwani. Na roƙi guntun tsohon tub a wurin mai faci, na yanko shi siriri, na naɗe danjar da ƙarfen lamba, na ƙulle. Ƙara ta ɗauke, ni ma na ɗauke kai.

Kada ku yi saurin zagina. Ƙarshen 2012 ne, litar fetur naira 97, ga balas, ga cefanen Inna, ga shingayen bincike ko'ina a gari, inda dole ka sauke fasinja ka tura babur da hannu sai kun wuce. Tafiyar minti goma sai ta ci rabin awa. A irin wannan hali, abin da zai hana babur tafiya shi kaɗai ɗan acaɓa yake kira matsala. Fulogi, sarƙa, taya, waɗannan ko bashi ne sai ka ci ka gyara. Danja kuwa a bayanka take, ba ka ganinta, ba ta hana ka ɗaukar kowa. Roba ta tsinke sau uku, sau uku ina sake wata.

Wata safiya a farkon Janairu, hazo ya sauko sosai, irin wanda in kana wannan gefen titi ba ka gane fuskar na wancan gefen. Wajen ƙarfe shida da rabi na ɗauki wata dattijuwa da kwandonta, za ta kasuwar Sabon Gari. Muna kan titin Katsina, mun doshi Ƙofar Ruwa, sai ga mai kura ya ratso da jarkokin ruwa. Na take birki. Ban gama tsayawa ba na ji ƙugin taya a bayana, wata hayis ta goge kwandon dattijuwar ta tsaya a gefenmu. Direban ya leƙo, idonsa jajir.

"Kai, wane irin ɗan iska ne kai? Ba ka da danja ne? So kake ka ja min kisan kai da sassafen nan?"

Na buɗe baki zan rama, domin a lokacin bakina ba ya mutuwa. Sai dattijuwar ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, sauke ni a nan. Jikoki huɗu nake riƙo." Ta ciro kuɗin mota cif ta ba ni, ta ɗauki kwandonta ta shige cikin hazo. Zagin direban bai dame ni ba, kuɗin nan da ta biya ne ya tsaya min a rai.

Da na zagaya baya sai na ga danjar ta sunkuya tana kallon taya. Na danna birki da hannu ina leƙe, ko ƙyaftawa ba ta yi. Allah kaɗai ya san tun yaushe ta mutu.

Ban ƙara ɗaukar kowa ba, na wuce wurin Kawu, ƙanin Inna, wanda yake gyaran babura a gindin wata darbejiya a Fagge. Na tarar yana shan koko, ya tasa kabireta a gaba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, danja ce ta ɗan saki."

Ya dubi ƙullin robar nan ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan akuya ka ɗaure ko fitila?" Yaransa suka fashe da dariya. Ya turo min sifana mai lamba 10 da ƙafa. "Ni ba zan taɓa ba. Kwance da kanka, ina kallo."

Na yanke robar, danjar ta faɗo hannuna tana lilo a jikin waya. Ashe noti biyu ne suke riƙe da ita, ɗaya ya daɗe da faɗuwa, ɗayan ya rage zare biyu ya bi ɗan'uwansa. Ƙananan robobin da kamfani yake sakawa tsakanin fitila da ƙarfe sun bushe sun farfashe. Kawu ya ce daga nan ciwon ya faro. Babur mai silinda ɗaya ba ya daina karkarwa, bayansa kuma shi ya fi shan jijjiga, ga hanyoyin unguwa. Robobin nan su suke shanye girgizar. In suka mutu, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, noti ya fara warwarewa a hankali, ramin da ƙusar take ciki yana ƙara faɗi. Ya sa ni na zura yatsa, na ji ramin ya koma kamar ƙwai.

Bai tsaya nan ba. Ya ce in buɗe jan murfin in ciro ƙwan. Na ɗaga shi sama, ya nuna min zare biyu a ciki: siriri mai ba da hasken dare, da mai kauri wanda yake kamawa in an taka birki. Duka biyun sun tsinke, rawar ce ta kashe su. Wayar ma ta gogu da bakin madigadi har jan ƙarfenta ya fito.

"Da ka zo ranar farko, noti ɗaya za ka saya," in ji shi. "Yanzu ga ƙwai, ga washa, ga yinin da ka rasa."

Na tsallaka shagon kayan babur na sayo ƙwai mai zare biyu, noti huɗu, washa masu faɗi da masu tsaga. Abin da ya ba ni haushi kuma ya ba ni dariya, da tsohon tub ɗin dai aka yi gyaran. Kawu ya sa na yanka shi zagaye-zagaye kamar kwabo, na huda tsakiya da ƙusa, na jera biyu-biyu a gaba da bayan ƙarfen, suka maye gurbin robobin da suka mutu. Sai washa mai faɗi ta rufe ramin da ya buɗe, sai mai tsaga, sai noti.

Na kama ɗaurewa da ƙarfin samartaka, ya buge min hannu. "Jikin fitilar roba ne, ba gatari kake ɗaura wa ƙota ba. In ka matse ta tsage, sai sabuwa. Ɗaure har ka ga robar tub ɗin ta ɗan kwanta, ka tsaya." Sannan ya ce in ɗora noti na biyu a kan na farko, in riƙe na ƙasa da sifana ɗaya, in matse na sama a kansa da wata. Su biyun suka cije juna. Har yau haka nake yi wa duk abin da yake jijjiga, har injin markaɗen matata.

Wayar na naɗe ta da baƙin salatif, na canja mata hanya ta daina taɓa madigadi. Inda wayar da wuta take komawa ta cikinta take kama jikin ƙarfe duk tsatsa ne, na goge da sanfefa har ya yi fari, domin in wurin bai kama da kyau ba fitila sai ta riƙa kawowa tana ɗaukewa. Na tashi babur, hasken dare ya kawo. Na taka birki, yaron Kawu ya ce shiru. Kawu ya nuna min ɗan makunnin da ke kusa da ƙafar birki, wanda siririn sifirin yake ja. Ya saki ne. Na juya notinsa kaɗan-kaɗan, sai yaron ya yi ihu, "Ta kawo!"

Na ce, "Kawu, to ni da nake gaba, ta yaya zan san ta mutu?"

Ya ce, "Zauren gidanku ba shi da bango? Kullum kafin ka fito, juya masa baya ka taka birki. In bango ya yi ja, ka fita."

Na miƙa masa ɗari biyu, ya ce in kai wa Inna, in kuma gaya mata ɗanta ya iya ɗaure akuya.

Kusan mako biyu na yi ina wannan gwaji, kowace safiya bangon zaurenmu sai ya yi ja, ƙannena har jira suke su gani. Ranar Asabar 19 ga Janairu 2013, ina Gyaɗi-Gyaɗi da fasinja, na ga mutane suna gudu daga wajen Masallacin Murtala. An kai wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta hana goyo a babur a cikin birni, acaɓa ta tsaya cak. Na tura Jincheng na kai ƙofar gidan Alhaji, danjarsa daram, na tsaya da makulli a hannu ina sallama.

Abin da Alhaji ya ce min, da yadda na koma gindin darbejiyar nan a matsayin yaron shago, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.