Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ƙirjin da wuƙa ta taɓa

Toh a makon jiya na tsaya ne a inda aka turo ni daga ɗakin tiyata bayan aikin cire nonuwan da suka taso min duk da ina namiji, ƙirji a naɗe, 'yar roba ta leƙo ta gefen haƙarƙarina tana ɗigar da jini cikin wata 'yar gora. Yau kuma maganar komawa judo ce, amma kafin nan sai na sake taɓo Kawu, don duk yadda naso in ba da labarin nan babu shi abin baya tafiya.

Kawu shi ya fara kai ni judo ina ƙarami, shi ya saya min rigata ta farko da farin bel, kowa a gidanmu ya san haka kuma bana musu. Shi ɗin dai ne ranar da Yaya ya faɗa masa za'a yi min aiki ya ɗago kai ya dube ni yace, "Ƙirjin da wuƙa ta taɓa baya ƙara ɗaukar ƙato." Ko murya bai ɗaga ba. Nace, "Kawu ai ba ƙashi za'a taɓa ba, ba kuma tsoka ba," yace shi dai ya faɗa min, in naga dama in ji. Inna tana gefe bata ce uffan ba, kuma har yau shirun nan nata yana min ciwo, amma wannan zancen wani makon ne.

Abin da Kawu bai taɓa tambaya ba, ko sau ɗaya, shine yadda nake ji duk sanda rigar judo ta buɗe. Wanda bai san wasan ba bari in faɗa masa, a gasa namiji baya saka komai a cikin rigar, mata ne kaɗai doka ta ce su sa farar riga a ciki. Wasan kuma gaba ɗayansa riƙon kwala ne, ana fizga ana ja, kafin minti ɗaya rigar ta fita daga bel ƙirjinka na waje, alƙali ya tsayar da wasa yace ku gyara, kana tura riga cikin bel jama'a na kallo. Ni tun ina shekara 13 nonuwana suka taso, da farko wani ɗan ƙullutu mai zafi a ƙarƙashin kan nonon, aka ce balaga ce zai baje. Kuma gaskiya ne ga yawancin yara yana bajewa da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Nawa dai ya zauna daram. Daga baya likita ya min bayani cewa in abin ya wuce shekara guda naman yakan yi tauri, daga nan babu atisayen da zai narkar dashi tunda ba kitse bane, naman nono ne na gaske, gainakomastiya suke ce masa, yana fitowa in sinadarin mata istrojin ya rinjayi na maza testosteron a jikin namiji. Kunga duk firesof ɗin da Kawu ya dinga sani ina yi har hannuna na karkarwa, tsokar ƙasan kawai nake ƙara ginawa tana ƙara turo abin gaba.

Shekarun da suka biyo baya babu abin faɗa, makaranta, atisaye, tawul a kafaɗa kullum.

Akwai kuma wanda ba zan kira sunansa ba, ya san kansa, wanda ya baza a kulob ɗinmu cewa allurar gina jiki nake yi. Ya san abin da yake yi sarai, don da gaske ne masu allurar sitiroyid suna samun wannan matsala, jiki ne ke juya rarar testosteron ɗin ta koma istrojin, kuma haramun ce a wasanni, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta hana. Wato da jifa ɗaya ya maida ni mai nono kuma mai maguɗi. Kafin a yi min aiki sai da aka ɗebi jinina aka duba hanta da ƙoda da sinadaran jiki, aka tambaye ni magungunan da nake sha saboda akwai irinsu spironolactone da cimetidine da ke jawo shi, har marainana sai da likita ya duba don wani lokacin ƙari a can ne ke haddasawa. Komai lafiya lau. Takardar tana nan na adana ta, ban taɓa nuna masa ba don bai kai ba.

Mu koma kan jinya. Aikin da aka min iri biyu ne a haɗe, an zuƙe kitsen gefe ta wata 'yar huda, sannan aka yanka rabin da'ira a bakin baƙin nonon ta ƙasa aka ciro naman. Robar nan bata daɗe ba aka zare ta. Abin da ya daɗe shine rigar matsi, wata riga mai ƙugiyoyi a gaba da ke matse ka kamar ta hana ka numfashi, likita yace sati 4 zuwa 6 dare da rana, wanka kaɗai ke raba ku. Na tambaye shi, "Likita yaushe zan koma tatami?" wato tabarmar da ake judo a kai. Ya ajiye biro yace in bayyana masa me ake yi a judo tukunna. Na faɗa masa ana ɗaga mutum a maka shi da ƙasa, a bi shi a danne da ƙirji, sai yayi dariya yace toh ni ba irin masu tambayar yaushe zasu koma ofis bane.

Bayanin da ya min shi na riƙe har yau. Yace in an cire naman nan akwai fili da ya rage tsakanin fata da tsoka, kuma so ake fatar ta kwanta ta manne da tsokar, aikin rigar matsi kenan. Duk abin da ya goga fatar ko ya ja ta kafin ta manne, ko ya sa jini ya hau, zai iya buɗe ƙananan jijiyoyin da aka ƙona, jini ya taru a ciki, wannan a kwanakin farko yafi faruwa kuma in yayi yawa sai an koma tiyata an kwashe. Ko kuma ruwa ya taru, a dinga zuwa ana zuƙewa da sirinji. Yace kar ɗinkin waje ya ruɗe ni, ciwo a sati 3 ƙarfinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 na lafiyayyar fata ba, sai wajen wata 3 yake kai kashi 80, kuma daga nan baya ƙara wani abin kirki. Kamar siminti ne da ya bushe a sama cikinsa ɗanye. Tafiya a ƙafa yace in fara tun da wuri, keken jim bayan sati biyu zuwa uku a hankali, ɗaga ƙarfe da duk abin da ya shafi ƙirji sai bayan sati 6, wasan da ake haɗa jiki kuwa wasu likitocin suna sakin mutum a sati 6 zuwa 8 amma shi ga irin nawa wata 3 yake so, kuma sai ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa.

Wata 3 ga ɗan wasa ba ƙaramin abu bane. Nakan je kulob in zauna a benci da rigar matsina a ƙarƙashin riga ina kallon yaran da nake kayarwa da hannu ɗaya suna ta shawagi, wancan mutumin kuma yana wucewa yana cewa sannu da jiki da wata irin murya. A lokacin ne maganar Kawu tafi damuna, da daddare in na kwanta rigingine, don ba'a yarda in kwanta rub da ciki ba, sai in ji ta tana dawowa, ƙirjin da wuƙa ta taɓa, ƙirjin da wuƙa ta taɓa. In shafa wajen in ji wani tauri a ƙarƙashin kan nonon kamar abin ya dawo, gabana ya faɗi. Na koma wajen likita a guje yace tabon ciki ne ke haɗuwa, haka yake yi, ya koya min yadda zan dinga murza shi da yatsu, yace kumburi baya gama sauka sai wata 3 zuwa 6, tabo kuma yakan ɗauki shekara ko fiye kafin ya nuna kamanninsa na ƙarshe. Ya ƙara ja min kunne akan keloyid, tabon nan mai tasowa yayi tudu, yace mu masu baƙar fata mun fi samunsa kuma ƙirji na cikin wuraren da yafi so, ya bani wani filasta na silikon in dinga liƙawa.

Yanzu da nake rubuta wannan na tuna, ashe Kawu ko asibiti bai zo ba. Yaya ne ya kwana dani, shi ya dinga ɓalle min ƙugiyoyin rigar nan in zan yi wanka don hannuna baya ɗaguwa sosai. Kawu aike yayi wai a gaishe ni. Mutumin da in na ci gasa shi ke fara shiga hoto.

Koci kam Allah ya saka masa da alheri, shi ya tsara min komawar daki daki bayan likita ya sake ni. Yace, "Kai da randori sai na ce," wato kokawar gwaji da ake yi da abokin atisaye kamar a gasa. Aka fara da ukemi, wato faɗuwa, ta baya da ta gefe kawai, faɗuwar gaba da ake sauka akan damatsa ƙirji na kusa da ƙasa ya hana ni ita sai can gaba. Sai uchikomi, wato maimaita shigar kayar da mutum ba tare da an kayar ba, da robar taya ɗaure a ginshiƙi, ina shiga ina fita babu mutum. A nan na gane jikina ya canza, hannun da nake jan kwala dashi in na ɗaga shi sama sai in ji fatar ƙirjin tana ja har hammata, ba zafi ba, wani ɗauri ne kawai, kuma numfashina ya gudu, abin da a da nake yi ina hira, yanzu sai na dafa gwiwa. Bayan nan ya haɗa ni da wani yaro ɗan ajin kilo 60 mai hankali, yace masa in ya kuskura ya dunƙule hannu a kwalata ya buga min a ƙirji shi da kulob ɗin har abada. Wanda baya judo bazai gane ba, riƙon kwala ba riƙo bane kawai, ƙullin yatsun mutum na nan a kan ƙirjinka yana tura ka yana ja, daidai inda aka yanka.

Abin da yafi bani tsoro ma rashin jin zafin ne. Kan nonona na dama ya mutu murus bayan aikin, ko tsunkula nayi bana ji, likita yace jijiyoyin ji ne aka taɓa kuma yawanci suna farfaɗowa cikin watanni. Matsalar ita ce rigar judo kauri gareta da kaushi, tana goge fata, wajen da baya ji kuma bazai gaya maka ya goge ba. Don haka kullum kafin in hau tatami sai na rufe wajen da filasta, in na sauko in shiga banɗaki in ɓare in duba, in tsaya gaban madubi in gwada dama da hagu ko wani ya fi wani tasowa, don an gaya min kumburin gefe ɗaya da ya zo farat ɗaya da tauri da zafi ba abin jira bane, asibiti ake nufa.

Ranar da Koci ya ce in shiga newaza, wato kokawar ƙasa, da gangan ya zaɓo min ɗan ajin kilo 100. Nace, "Koci wannan fa?" yace, "Ai gara ka sani a nan da ka sani a gasa." Mutumin ya kwantar dani ya shiga dannar da ake ce wa kesa-gatame, hannunsa ɗaya a bayan wuyana, haƙarƙarinsa gaba ɗaya akan ƙirjina, ya saki nauyinsa. A gasa in aka danne ka haka daƙiƙa 20 an gama da kai, ippon kenan, wato cikakkiyar nasara. Ina ƙasa ina jin zufarsa na ɗiga min a kunne, ni kuma ba ta kuɓuta nake ba, saurare nake in ji ko wani abu zai yage a ciki. Babu abin da ya yage. Sai na kama bel ɗinsa ta baya, na matso da ƙuguna jikinsa, na banƙare bayana kamar gada na juya shi. Ƙato ne fa na gaske, kuma ƙirjin nan da wuƙa ta taɓa shi ya ɗauke shi. Rigata ta buɗe har cibiya, na miƙe na tsaya a haka ina haki, sai da Koci yace in gyara riga sannan na tuna.

Yaya ne ya kai wa Kawu labari, ni ban je ba. Wai da ya gama ji sai yace atisaye daban gasa daban, a bari a gani. Kunji fa. Mutum ya faɗi magana ta faɗi ƙasa, maimakon yace Allah ya ƙara lafiya sai ya matsar da ita gaba. Da can cewa yayi baya ƙara ɗaukar ƙato, bai ce a gasa ko a atisaye ba, ina wajen, Inna ma tana wajen.

Gasar kuwa tana tafe, kuma ta zo da tata matsalar da ba ta ƙirji ba. Zaman benci ya sa na ƙara nauyi, ni da nake wasa a ajin kilo 81 sikeli ya nuna na haura sosai, Koci yace ko in rage ko in hau ajin 90 in haɗu da manya, a cikinsu har da wancan mai baza zancen allura. Likita kuma ya riga ya gargaɗe ni kar in dinga hawa da sauka a nauyi don fatar wajen bata gama zama ba. Yadda muka yi da Koci akan wannan, da abin da ya faru a ɗakin awon nauyi inda kowa ke tuɓe riga, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.